Tambaya da Amsa: Tanderun Gilashi da Wutar da Yake Ci

Tambaya: Assalamu alaikum. Me ya sa masana'antun kwalba suke neman fasassun kwalabe ido rufe, amma wani lokaci su ƙi karɓar lodi guda? Daga wani mai sayen kwalabe a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kwalba haɗi ce ta yashi, wanda shi ne kusan kashi 70 cikin 100, da garin soda da dutsen farar ƙasa. Kafin su narke su zama ruwan gilashi sai tanderu ya kai digiri 1,500, kuma narkarwar nan ita ke cinye kusan kashi uku cikin huɗu na makamashin masana'anta. Soda da farar ƙasa suna sakin iskar kabon a cikin wuta, shi ya sa ake zuba kimanin tan 1.2 na ɗanyen kaya kafin a samu tan ɗaya na gilashi. Ita fasasshiyar kwalba ta riga ta sha wannan wahala, narkewa kawai za ta yi. Duk kashi 10 da aka ƙara nata a cikin haɗin yana rage makamashi da kashi 2.5 zuwa 3, kuma koren kwalba yakan ɗauki har kashi 90.

Abin da ke sa a ƙi kaya shi ne gauraye. Babban abokin gaba shi ne tangaran: guntun faranti ko kofin shayi ko tsakuwa. Ba sa narkewa a zafin da gilashi ke narkewa, sai su fito a jikin sabuwar kwalba kamar farar ƙwayar gero. Nan wurin ya zama rauni, ana cika ta da lemo mai gas sai ta tsage. Kwanon gilashi mai jure wuta, irin na Pyrex, shi ma haka yake yi, kuma ya fi wuyar ganewa don ido ba ya bambanta shi da sauran. Murfin alminiyom yakan haɗu da yashi ya bar ƙananan ƙwallaye masu tauri a cikin gilashi, ƙarfe da dalma kuwa su nutse ƙasan tanderu suna cin tubalinsa sannu a hankali. Maganaɗisu yana tsince ƙarfe a masana'anta, amma ba ya kama alminiyom, sai da wata na'ura daban.

Don haka a ware launi tun daga wurin saye: fari daban, kore daban, ruwan ƙasa daban. Farin shi ne mai tsada da saurin ɓaci, ɗan kore kaɗan ya isa ya sauya masa launi. A cire murfi, a zubar da ragowar abin da ke ciki, kada a haɗa da madubi ko ƙwan fitila, kuma a tara a kan daɓen siminti. Wanda ya tara a ƙasa, shebur zai kwaso masa tsakuwa tare da kayan, kuma a ganinmu yawancin asarar 'yan kasuwa daga nan take farawa.

Tambaya: Tunda gas ya yi tsada, me zai hana a riƙa kashe tanderu da dare? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, tanderun gilashi idan aka kunna shi sai ya yi shekara 10 zuwa 15 yana ci dare da rana. Idan ya huce, ɗaruruwan tan na gilashin da ke ciki za su daskare, tubalin ya tsattsage, kuma ɗumama shi daga sanyi kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Hanyar tattali ita ce kama zafin da ke guduwa ta bututun hayaƙi. Akwai ɗakuna biyu cike da tubali da aka jera da ramuka kamar saƙar zuma. Hayaƙi mai zafi yana bi ta ɗaya yana gasa tubalin, iska mai shigowa tana bi ta ɗayan tana kwasar zafi har ta haura digiri 1,200. Duk bayan minti 20 sai a juya hanya. Wani injiniya Bajamushe, Friedrich Siemens, shi ne ya yi rajistar wannan dabara a 1856, har yau kuma ita ce ƙashin bayan aikin. Inda take samun matsala shi ne ƙura ta toshe ramukan, ko iska mai sanyi ta sulalo ta tsaguwar bango, sai a ga gas yana ƙaruwa alhali yawan kwalba bai ƙaru ba. Wasu masana'antun suna hura zallar oksijin maimakon iska, domin kashi 78 na iska naitirojin ne, wanda ake ɗumamawa a banza ya fice da zafin.

Tambaya: Shin lantarki zai iya maye gurbin gas gaba ɗaya? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, a ƙananan tanderu an daɗe ana yi. Ruwan gilashi yana ɗaukar lantarki, don haka ake cusa sandunan ƙarfen molibdenom a cikinsa su ɗumama shi daga ciki. Manyan tanderu ne ake gwaji a kansu yanzu. A 2021 kamfanin Pilkington ya gwada wata hanya daban, wato ƙona iskar haidirojin maimakon gas ɗin da aka saba, a masana'antarsa ta St Helens a Ingila, a 2023 kuma kamfanin Ardagh ya kunna tanderu mai haɗa lantarki da gas a Obernkirchen ta Jamus. Sharaɗin shi ne wuta mai arha wadda ba ta ɗaukewa, in kuwa da kwal ko janareta aka samo ta, hayaƙin wuri kawai ya sauya. Ga masana'antu irin na Beta Glass da ke Agbara da Ughelli a kudancin Najeriya, abin da ya fi kusa da hannu shi ne ƙarin fasassun kwalabe masu tsabta, da rage nauyin kowace kwalba, da kwalbar da ake mayarwa kamfani a wanke a sake cikawa, wadda ba ta komawa tanderu sai ta fashe ko bakinta ya gutsure.