Dish Ɗaya, Ɗakuna Uku: Me Ya Sa Tashoshi Ke Ɗaukewa?

Saƙonnin da suka taru a wannan makon kusan duk kan satilayit suke, musamman yadda za a kai shi ɗakuna da yawa a gida ɗaya. Na zaɓo huɗu.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Iyalina biyu, kowacce da ɗakinta, ga kuma falona. Dish ɗaya ne a gidan. Na ƙaro risiba biyu, na sa yaron da ke mana gyaran wuta ya raba wayar gida uku da sifilita. Tun ranar ba a zauna lafiya ba. In uwargida ta kunna nata, na amarya ya ce babu sigina. In na canza tasha a falo, nasu duka ya ɗauke. Har an fara zargin juna. (Magidanci, Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ka fara wanke iyalinka tukuna, babu mai hannu a ciki. Shi ma yaron naka aikin wuta ya sani, sai ya ɗauki wayar dish kamar wayar ƙwan fitila, wadda za a ja daga nan a ƙara can.

Wayar dish ba hoto kaɗai take kawowa ba, saƙo ma take kaiwa. Ɗan kan nan da ke maƙale a gaban dish, wato LNB, ba shi da wutar kansa. Risiba ne ke tura masa wuta ta cikin wayar, kuma da ita yake ba shi umarni. In ka buɗe bayanin kowace tasha za ka ga harafin V ko H kusa da lambar firikwensinta (frequency). In tashar V kake nema, risiba zai tura volt 13. In ta H ce, ya tura volt 18. Akwai kuma wani ɗan sauti na 22 kHz da yake ƙarawa in lambar firikwensin tashar ta haura 11700. Ka ga kenan tashoshin sun kasu rukuni huɗu, kuma baki ɗaya na LNB rukuni ɗaya kawai yake iya bayarwa a lokaci guda.

To kai mutum uku ka sa suna aiken yaro ɗaya, kuma wanda ya fi ɗaga murya shi zai bi. Amarya na kallon tashar V da volt 13, uwargida ta danna tashar H, 18 ta danne 13, LNB ya juya, allon amarya ya yi baƙi. Ranar da aka yi sa'a duk suna rukuni ɗaya sai komai ya tafi lafiya lau, kuma wannan ne ke sa a ga kamar da gangan ake yi.

Dish ɗinka ya isa, kada ka sayi wani. LNB za ka canza zuwa mai baki huɗu, wanda aka rubuta Quad a kwalinsa, a ja wa kowane risiba wayarsa tun daga kan dish har ɗaki, ba haɗi a hanya. Kowane baki zaman kansa yake. Na huɗun da ya rage a toshe shi da murfinsa saboda ruwa. Kafin a cire tsohon LNB a yi alama da biro a inda ya tsaya da yadda aka karkata shi, don karkatar nan ba ado ba ce, in sabon ya zauna a baibai sigina zai ragu. Kuma a kashe risiba daga bango kafin a taɓa waya.

Wani zai ce maka a bi ta kafar LOOP OUT da ke bayan risiba irin su Strong. Matsalar dai ita ce, na biyun zai zama ɗan amshin shatan na farko.

Tambaya: Malam, DStv nake biya a falo, yara kuma sun hana ni sakat da katun. Dole sai na biya kuɗin wata biyu in zan sa musu a ɗakinsu? (Uwar yara huɗu, Kano)

Amsa: Hajiya, ba dole ba ne, amma ki fara yanke shawara: abu ɗaya za a riƙa kallo a ɗakunan biyu, ko kowa da nasa?

In abu ɗaya ne, ba kya buƙatar dikoda ta biyu. Hoton za a raba. Dikodar da ke da kafar RF OUT, waya kawai za a ja zuwa kafar eriya ta talabijin ɗin yara, a nemo shi kamar yadda ake neman tashar gida. Hoton ba zai kai na falo kyau ba. In kina son mai kyau sai a sa abin raba HDMI, sai dai wayar HDMI in ta wuce mita 10 zuwa 15 takan fara gardama, daga nan sai a koma na'urar da ke tura shi ta wayar intanet ta Cat6. Amma fa wannan bai raba ki da rigimar ba, don in kika koma Arewa24 su ma can Arewa24 za su gani, kuma kin san sallama za su yi miki.

Abin da ya dace da ke shi ne tsarin XtraView na DStv. Ana haɗa dikoda har uku a kan biya ɗaya, a ƙara wani ɗan kuɗi duk wata, kowa ya kalli tashar da yake so. Babbar dikodar tana aika wa ƙananan wata alama lokaci-lokaci, in alamar ta yanke sai su rufe. An yi haka ne don kada a kai ɗaya gidan maƙwabta. Saboda haka in babbar na kashe, ta yara ba za ta daɗe tana aiki ba. Ki nemi wanda ya saba haɗa XtraView, ba kowane mai saita dish ba.

Masu GOtv kuwa eriya suke amfani da ita, ba dish ba. Su sifilita na yi musu aiki, amma kowace dikoda da nata biyan.

Tambaya: Ina gina masaukin baƙi mai ɗaki 12, ina son tashoshin taurarin Nilesat da Arabsat a kowane ɗaki. Ba na son rufin ya cika da dish kamar kasuwar kwano. (Ɗan kasuwa, Maraɗi)

Amsa: Alhaji, kai maltisuwic kake buƙata, wani akwati ne da ke karɓar rukunan nan huɗu gaba ɗaya ya raba wa kowane ɗaki abin da ya nema. Nilesat yana digiri 7 yamma, Badr na Arabsat yana digiri 26 gabas, tazarar ta yi yawa, don haka ka ba kowanne dish ɗinsa. Waya huɗu za su sauko daga kowane dish zuwa akwati mai shiga 9 (takwas na dish biyun, ta taran ta eriya ce) da fita 12 ko 16, daga nan kowane ɗaki waya ɗaya. A cikin risiba sai a saita DiSEqC, wato tsarin zaɓen tauraro, wanda masu aikin ke kira daisek, tauraro ɗaya a A ɗaya a B.

Ka lura da sunan LNB: Quattro ne abokin maltisuwic, ba Quad ba. Dukansu baki huɗu gare su, a ido kamar tagwaye, amma a Quattro kowane baki rukuninsa ɗaya tak. Kuma tunda ginin bai kai filasta ba, a binne bututun wayoyin yanzu. Akwatin ka ɗora shi kan layin sola, don in ya rasa wuta duk ɗakunan za su ɗauke.

Tambaya: Mun sa LNB mai baki biyu. Na falo lafiya lau, amma na ɗakin baya rabin tashoshi ba sa fitowa, da damina kuma abin ya fi muni. (Ɗalibi, Gombe)

Amsa: Ɗan'uwa, ka duba waɗanda suka ɓace. In na H ne, ka zargi wayar. Yawancin wayoyi masu arha ƙarfe ne a ciki aka shafa masa jan ƙarfe a sama. In tafiyar ta yi nisa, volt 18 na raguwa a hanya, ya isa LNB a gajiye, shi kuma ya ɗauka V ake nema. Ka je kasuwa da ɗan maganaɗisu a aljihu, ka kara shi a tsakiyar wayar. In ya kama, ƙarfe ne. Ka nemi RG6 wadda maganaɗisu bai kamawa.

Batun damina kuwa, na taɓa zuwa wani gida da aka canza risiba har sau biyu a banza. Da na hau na kwance mahaɗin da ke bakin LNB, cikinsa ya yi kore shar, na karkata wayar sai ga ruwa na ɗiga. Ka yanke wajen da ya ruɓe, ka sa sabon mahaɗi, ka naɗe shi sosai da tef. Inda wayar za ta shiga bango, ka bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau ramin, ruwa ya ɗige a waje. In duk ka yi wannan bai gyaru ba, ka leƙa cikin silin da tocila, ɓeraye na son wayar nan.