Takalmin uwargida: furen dajin da ba ya son a tone shi

Tambaya: Malam, ina zaune ne a Turai. Na ga wani fure a daji mai kama da ɗan takalmi rawaya, aka ce mini okid ne. Zan iya tono shi in dasa a lambuna?

Amsa: Hajiya, don Allah ki bar shi inda yake. Shi ne ake kira takalmin uwargida, ɗaya daga cikin dangin furanni masu suna okid; sunansa na kimiyya Cypripedium calceolus. Tsayinsa santimita 20 zuwa 60, yana fure tsakanin Mayu da Yuni, ɗaya ko biyu a kan kara. Jakar nan rawaya da ta ja hankalinki tarko ce. Ƙaramin ƙudan zuma kan faɗa ciki, santsi ya hana shi hawowa, sai ya kutsa ta wata 'yar kafa ta baya, a nan garin furen ke manne masa ya kai wa wani furen.

Tonon nan ne ya kusa ƙarar da shi a Ingila. A 1917 har an ɗauka ya ɓace, sai a 1930 aka tsinci guda ɗaya tak a tsaunukan Yokshaya da ke arewacin ƙasar. Yanzu doka ta hana cire shi a ƙasashen Turai da dama. Ko ba doka ma, saiwoyinsa a baje suke dab da saman ƙasa, wadda ta karye ba ta saurin sake tofo, shi ya sa yawancin na tono ke mutuwa. Ki nemi wanda aka raino daga iri a wurin masu sayar da tsirrai masu lasisi.

Tambaya: Idan na samu na raino, yaya zan dasa shi?

Amsa: Ki dasa da kaka, bayan ganye ya bushe, a inda ranar safe ke taɓawa amma da inuwa da tsakar rana. Ki haƙa rami mai faɗi, zurfin kamar santimita 20, ki cika shi da tsakuwa ƙanana kashi uku, ƙasa da ruɓaɓɓen ganye kashi ɗaya, da ɗan garin farar ƙasa, don ba ya son ƙasa mai tsami. Ki shimfiɗa saiwoyin a kwance kamar yatsun hannu, idon tohon ya kalli sama, ƙasa ta rufe shi da santimita 2 zuwa 3 kacal. Kada ki danne ta da ƙafa.

Abin da ya fi kashe shi ruwa ne da ya kwanta: idon ya yi baƙi, ya yi laushi, shi ke nan ya ruɓe. Ƙasar ta zauna da danshi, ba caɓi ba. Takin zamani kuwa, rubu'in abin da aka rubuta a kwali ya isa, kuma da bazara kawai. Ki sa ido kan dodon koɗi, a dare ɗaya yake cinye sabon toho. Dole kuma ya sha sanyin hunturu na kimanin wata uku ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Celsius, in ba haka ba ba zai tsiro da kyau ba. Don haka ba ya yi a ƙasashe masu zafi.

Tambaya: Ana iya shuka irinsa a tukunya?

Amsa: Da wuya, Hajiya. Irin kamar ƙura yake, ba shi da abincin da zai tashi da shi, sai wani nau'in fumfuna na cikin ƙasa ya ciyar da shi. Masana kan tsirar da shi ne cikin kwalba a ɗakin gwaje-gwaje, kuma daga iri zuwa furen farko yakan ɗauki shekara 6 zuwa 10.