Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Idan jiki ya fara ƙin huhun da aka dasa

Tambaya: Likita, shekara uku ke nan da yi wa maigidana dashen huhu a Indiya. Yanzu an ce jikinsa ya fara ƙin huhun sannu a hankali. Wani mai magani ya ba shi jiƙon ƙara garkuwar jiki, ya ce ya ajiye ƙwayoyin asibiti tunda ba su hana komai ba. Ina mafita?

Amsa: Hajiya, don girman Allah a zubar da jiƙon nan yau, ya koma kan ƙwayoyinsa, a kuma kira likitan dashensa a faɗa masa kwana nawa ya yi bai sha ba. Wannan shawara tana kisa. Garkuwar jikin da ake son ƙara masa ita ce fa take kai wa huhun hari, don tana ganinsa baƙo. Ƙwayoyin nan su ke riƙe ta.

Abin da ke faruwa shi ne ƙananan hanyoyin iska na cikin huhun suna kumbura, su yi tabo, su tsuke. Ana tabbatar da ciwon idan iskar da mutum ke iya hurawa a daƙiƙa ɗaya ta ragu da kashi 20 cikin 100 daga mafi kyawun awonsa na bayan aiki, ta zauna a haka wata uku. Kusan rabin waɗanda aka yi wa dashen huhu suna gamuwa da shi cikin shekara biyar, ko da suna shan magani a kan ƙa'ida, saboda haka kada ya ɗauka laifinsa ne.

Tabon da ya riga ya zauna ba ya gogewa, amma ana iya rage wa ciwon gudu. Akan gwada maganin azitromaisin, miligiram 250 sau uku a mako, na aƙalla wata biyu zuwa uku. A cikin ƙwayoyin danne garkuwar jiki, mai shan saiklosporin akan mayar da shi kan takrolimus. Idan ƙwarnafi yana hawowa yana shiga huhu, akwai tiyatar ɗaure bakin tumbi. Wasu cibiyoyin suna fitar da fararen ƙwayoyin jini, su haska musu wani haske, su mayar. Kaɗan ne ake sake yi wa dashe. Duk wannan likitan dashe ne zai zaɓa. Kada a sayi ko ɗaya a kemis.

Tambaya: Ni ma an yi mini dashen huhu. Zan iya shan diklofenak idan gaɓoɓina suna ciwo?

Amsa: A'a, Malam. Shi da ibuprofen, idan suka haɗu da takrolimus, ƙoda ce ke shan wahala. Sha farasitamol, kuma ka guji lemun garehul, yana sa takrolimus ya taru a jini.

Tambaya: An ce ina da tarin fuka, za a fara mini magani.

Amsa: Kafin ka haɗiyi ƙwaya ɗaya, a haɗa likitan tarin fukan da likitan dashenka. Rifamfisin, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, yana kore takrolimus daga jini ƙwarai, sai huhun ya zauna ba kariya. Dole a gyara maganin, a riƙa awon jini akai-akai.

Tambaya: Yaya zan yi da hunturu?

Amsa: Takunkumi duk sanda za ki fita cikin hazo. Ki nisanci hayaƙin itace da gawayi, da turaren wuta, na san da wuya amma huhunki ba zai ɗauka ba. Sharar kashin kaji da juya taki, bar wa wani, akwai fumfuna a ciki da ke kama huhu. Kowace safiya ki hura a na'urar awon numfashi ki rubuta. Idan awon ya faɗi da kashi 10 cikin 100 kwana biyu a jere, ko zazzaɓi ya zo, ko majina ta sauya launi, a tafi asibiti ranar, kada a jira gobe.

Tambaya: Za a iya yi mini allurar rigakafin zazzaɓin shawara don tafiya?

Amsa: A'a, akwai ƙwayar cuta mai rai a cikinta, kai kuma an danne maka garkuwar jiki. Likitanka ya rubuta maka takardar uzuri. Ta mura kuwa, a yi maka kowace shekara.