Dalilin tsadar Winchester 94 ta kafin 1964

Malam, ka tambayi abin da ya sa masu tara tsofaffin bindigogi ke rububin Winchester 94 ta kafin 1964. Sirrin yana wajen ƙira. John Browning ne ya tsara ta a 1894, kuma kafin 1964, a masana'antar kamfanin Winchester ta garin New Haven a Amurka, daga dunƙulallen ƙarfe ake sassaƙo sassanta. A 1964 kamfanin ya koma hanya mai araha don rage kashe kuɗi, ingancin ya ja baya.

Ka ja mariƙin nan na ƙarƙashin kunama, kwanson harsashi ya yi tsalle ta sama, sabo ya shige sumul! Wallahi wannan santsin ke tafiya da hankalina.

Ka duba lambar da aka buga a jikin bindigar, ita ke nuna shekarar ƙira. Wadda aka sake wa fenti kuwa darajarta ta zube.