Me zai hana a kwashe tarkacen sararin samaniya da maganaɗisu?

Tambaya daga wani malamin makaranta a unguwar Birni, Damagaram: Ɗalibaina sun ce tunda tarkacen da ke zagaya duniya na iya dukan taurarin ɗan Adam, me zai hana a aika babban maganaɗisu ya tattaro su?

Amsa: Malam, yaran nan sun yi tunani, sai dai yawancin tarkacen alminiyam ne, irin wanda ake zuba tukwane da shi, maganaɗisu ba ya kama shi. Ga kuma gudu: kusan kilomita 28,000 a awa guda, kowane guntu da hanyarsa, kuma sauya hanya don a bi shi na cin mai sosai.

Don haka ba ƙanana ake farauta ba, manya ake so a sauko da su tun ba su fashe ba. A 2009 tauraron Iridium 33 na Amurka ya yi karo da Kosmos 2251 na Rasha, wanda ya daɗe da mutuwa, suka tarwatse zuwa guntaye kusan 2,000 da ake iya bibiya. Da an cire mataccen da wuri, da duk wannan bai faru ba.

Wahalar aikin tana wurin kamu. Mataccen tauraro ba ya tsayawa cik, wulwulawa yake yi, ba shi da mariƙi kuma. Jirgin da aka aika sai ya matso sannu a hankali, ya auna juyin da kyamara da leza, ya daidaita nasa juyin da shi, sannan ya kama. In lissafi ya kuskure, garin neman gira a rasa ido: a fasa shi, shara ta ƙaru. An gwada raga a 2018 da mashi a 2019 a shirin gwajin kwashe tarkace mai suna RemoveDEBRIS. Kamfanin Astroscale na Japan ya kama da maganaɗisu a 2021, amma abin da ya kama an liƙa masa farantin ƙarfe tun daga ƙasa.

Bayan kamu sai a kunna inji a rage gudu, abin ya gangaro cikin iska ya ƙone. Mai nauyi sosai a kan auna shi kudancin tekun Fasifik, inda babu mutane. Taurarin da ke can nisan kilomita 36,000 kuwa ba a sauko da su, ƙara tura su sama ake yi da kimanin kilomita 300.

Akwai kuma doka: bisa yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1967 kan sararin samaniya, mataccen tauraro na nan a hannun ƙasar da ta yi masa rajista, ba mai taɓa shi sai da izininta.