Amsa ga yarona kan tsatsar gindin gilashin Fijo 504

Ɗana, jiya da muka ɗaga bonet ɗin tsohuwar Fijo 504 da aka kawo mana daga Daura, ka tambaye ni me zai hana mu kankare tsatsar da ke gindin gilashin gaba, mu cike ramin da fila, wato kwaɓin da ake shafawa a jikin mota kafin fenti, tunda bai fi faɗin kwabo ba. Ga amsarka.

Wurin nan da waifa ke zaune, tsakanin bonet da gilashi, akwati ne mai rufi biyu. Ta nan iska ke shiga cikin mota, ta nan kuma ruwan da ya gangaro daga gilashi yake taruwa kafin ya fita ta 'yan kafofin da aka yi masa a ƙasa. A nan Katsina ƙurar hunturu tana shiga ta kwanta wata da watanni, busasshen ganyen bedi ya bi ta ya toshe kafofin, idan damina ta sauka sai su zama laka mai riƙe danshi. Saboda haka tsatsar daga ciki take cin ƙarfen, kuma ɗan ramin da ka gani shi ne inda ta fara ɓullowa waje. Fila ba ta kama ruɓaɓɓen ƙarfe, tana ma shan danshi ta baya. Damina ɗaya ta isa fentin ya kumbura, ruwa ya riƙa zuba a ƙafar direba yana jiƙa wayoyin bayan dashbod.

Motar nan a 1975 aka fara haɗa irinta a Kaduna, kuma mai ita ya ce ta mahaifinsa ce. Ba zan yarda a yi mata aikin rufa-rufa a garejina ba.

Da farko za ka cire kan batir, ka kwance waifa da injinta, mu zare gilashin daga robarsa mu biyu, a hankali. Ka janye kafet da wayoyi daga bayan wurin, ka ajiye bokitin ruwa kusa, domin tartsatsin walda yana tayar da wuta inda ido bai kai ba. Daga nan ka huda ɗigon waldar kamfani ɗaya bayan ɗaya, ka ɗage rufin sama, ka bi na ƙasan da tsinin sukundireba. Duk inda ya lotsa, yanke shi za ka yi, har giranda ta kai ga ƙarfe mai ƙyalli.

Facin shi ne inda ake gane hannu. Ka fitar da siffar ramin a kwali, ka yanko faranti mai kauri daidai da na motar, wajen milimita 1, ka lanƙwasa shi har ya zauna baki da baki, ba tare da ya hau kan tsohon ba, don tsakanin haɗin nan ne ruwa ke maƙalewa. Kada ka ja walda a dogon layi, zafi zai murɗe wurin, gilashin kuma ya ƙi komawa mazauninsa. Ɗiga nan, ka tsallaka can, ka bari ya huce, sannan ka dawo.

Kafin ka mayar da rufin sama, ka shafe ciki da fentin hana tsatsa, ka like haɗin da sila, wato danƙon da ke hana ruwa shiga, ka buɗe kafofin ruwan da waya. Idan ya bushe, ka ɗauko buta ka kwarara ruwa a wurin, ni kuma zan kwanta ƙarƙashin dashbod da tocila. Sai na ga ruwan ya fita ta ƙasa bai ɗiga ciki ba, sannan za mu rufe, ka shafa fila siririya don daidaita fuska kawai.