Su wane ne ma'aikatan Haikali da suka komo daga Babila?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko iyalan ma'aikatan Haikali da littattafan Ezra da Nehemiya na Littafi Mai Tsarki suka lissafa Lawiyawa ne, wato 'yan kabilar Lawi da aka keɓe don hidimar Haikali. Ba Lawiyawa ba ne, mataimakansu ne, domin Ezra ya ce Dawuda da shugabanni ne suka keɓe su don su yi wa Lawiyawa hidima.

Bayan Sairus sarkin Farisa ya ba da izinin komawa Urushalima wajen shekara ta 538 kafin haihuwar Almasihu, su da zuriyar barorin Sulemanu mutum 392 suka taso tare da Zarubabel, jagoran masu komowar, alhali Lawiyawan da aka lissafa 74 ne kacal. Wannan lissafi yana taɓa zuciyata ƙwarai, domin masu ƙaramin matsayi sun fi na gaba da su amsa kira, ga shi kuma Haikalin da za su yi wa aiki kufai ne a lokacin. Shekaru bayan haka, da Ezra ya tara wasu masu komawa Urushalima a bakin kogin Ahawa bai ga Balawi ko ɗaya ba, sai ya aika wani wuri mai suna Kasifiya, aka kawo masa Lawiyawa kaɗan da ma'aikatan Haikali 220.

Al'adar malaman Yahudawa tana danganta asalinsu da Gibeyonawa, waɗanda Joshuwa ya sa su saran itace da ɗiban ruwa, kuma sunaye irin su Sisera da Meyunim suna nuna wasunsu baƙi ne. Duk da haka sun zauna a Ofel kusa da Haikali, Artashate sarkin Farisa ya yafe musu haraji tare da firistoci, kuma sun shiga alkawarin kiyaye Shari'ar Musa a zamanin Nehemiya.